Ɓarawon Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka gano an kwashe shuke-shuke ashirin da huɗu daga rumfar ledar da ke bayan lambun sitiroberi. Kafin ƙarfe tara an je har gida an jawo maigadin lambun, an karya masa yatsu biyu, an kulle shi a sito da buhunan taki. Ƙarfe goma matarsa ta iso ƙofar gidan Mai Sawu, takalmanta wari da wari, numfashinta na sarƙewa.

Mai Sawu dattijo ne siriri wanda ba ya son hayaniya. Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun maharba da masu saran itace. Da ya ajiye aiki sai gari ya mayar da shi mai nemo ɓatattun awaki da kekunan sata, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane.

"Baba, ka zo ka duba mana ƙasa," in ji matar. "Na ce yana gida tun ƙarfe shida, ba a ji ba. Shi ma ya faɗa, aka ƙara masa duka."

"Me aka ce ya ɗauka?"

"Ganye, Baba. Wallahi ni dai ganye na sani a cikin baƙaƙen ledoji. A kan ganye za su kashe min miji."

Ya ɗauki sandarsa, ya bi ta.

*

Tun daga bakin ƙofar lambun ransa ya ɓaci. Mutum ya kai talatin a ciki, duk manoman ƙungiyar masu sitiroberi, kowa na kai da komo, kowa na nuna wa ɗan'uwansa inda ɓarawo ya bi, suna tattake wajen da ƙafafunsu. Fuskokinsu na sheƙi kamar waɗanda suka gama wani aikin alheri. Wani ma yana wanke hannu a bakin famfo yana dariya.

An yi musu alkawarin dashen sabon iri a wannan shekarar, irin da ba ya jin zafin rana, sun kuma riga sun gyara gonakinsu. Shi ya sa da aka ce an sace, ba wanda ya tsaya tambaya.

Wani mutum ya fito daga ofis, gajere, mai ƙiba, cikin farin takalmi da ba ɗigon laka a jikinsa. Wannan shi ne Dakta. Lambun gādo ne tsakaninsa da yayarsa, amma shi ake ji a rediyo yana bayanin yadda ya ƙirƙiro sabon iri, shi ne kuma mai hoto a bangon ofis. Yana riƙe da hankici a dunƙule, ya miƙo wa Mai Sawu kan yatsunsa kawai.

"Dattijo, an wahalar da kai a banza. Ɓarawo yana hannu. 'Yan sanda sun ce motarsu ta fita, amma ƙarfe huɗu za su zo su tafi da shi."

"Me ya nuna shi ne?"

"Takalmansa. Ga sawunsu nan tun daga rumfa har bakin wayar shinge, yaro ma zai gane. Kuma ba a fasa kwaɗo ba, da mabuɗi aka buɗe. Mabuɗi uku ne: nawa, na Yaya, da nasa. Ko ni zan saci abina?"

Mutane suka yi dariya.

"Mene ne abin da aka ɗauka?"

"Lamba Goma Sha Bakwai. Uwayen ne, daga jikinsu ake samun duk wani dashe. Jibi jami'an rajistar iri za su zo su gan su da idonsu. In babu uwaye, babu rajista. Aikina na shekara tara ke nan, dattijo."

A bayansa, can gefen rumfa, wata mata mai furfura, yayar tasa da ake kira Uwar Lambu, tana durƙushe tana cire ciyawa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kowa ya koma bakin ƙofa," in ji Mai Sawu. "Wanda ya sake taka min ƙasa, da shi zan fara."

*

Cikin rumfar akwai zafi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dogon benci ne a tsakiya, babu komai a kansa sai zagayen laima ashirin da huɗu inda ledojin suka zauna, da ɗan allon da aka rubuta 17.

Sawun kuwa ga shi ɓaro-ɓaro, kamar yadda Dakta ya ce. Dogayen takalman roba ne, na hagu da facin taya a dunduniya. Takalman ma suna nan a ƙofar ɗakin maigadi, inda yake ajiye su kullum in zai tafi gida. Ya tashi aiki ƙarfe shida, ma'aikata ba sa zuwa sai bakwai. Awa guda lambun ba kowa.

Mai Sawu ya tsuguna. Akwai tsohon sawun takalman na jiya da shekaranjiya, ya fara da shi. Mai wannan sawun dogo ne, takunsa faɗi ne da shi, in ya tarar da taɓo ta tsakiya yake ratsawa. Sai ya koma kan na yau. An taka shi bayan raɓa ta sauka, don ya kwashe jiƙar saman ƙasa. Takun gajere ne. Dunduniya tana jan ƙasa a kowane taku, alamar ƙafar tana yawo a cikin takalmin. Sau huɗu aka je aka dawo, kuma duk bayan taku goma sha biyar akwai shatin kusurwa huɗu inda aka dire kiret, akwatin ɗibar kayan, aka huta.

Abin da ya fi tsaya masa shi ne wajen da tiyo ke yoyo. Kududdufi ne da bai kai zurfin yatsa ba. Mai sawun yau, da takalmin da ya kai masa gwiwa, da kaya a hannu, sau takwas yana kewaye shi.

Sawun ya ƙare a bakin wayar baya, inda aka ɗaga ta. A waje akwai shatin tayar ƙaramar mota. A jikin ƙayar wayar wani ganye ya maƙale, da tsinkensa. Mai Sawu ya cire shi a hankali ya sa a aljihu.

Sai kuma ya ga wani abu: sawun silifa, ƙato, ya biyo gefen wayar daga gonar maƙwabci, ya tsaya daidai wajen, ya koma.

*

Kafin ya bi silifa ya sa aka buɗe masa sito. Warin taki ya bugi hancinsa, da wani warin da ya fi shi, na mutumin da aka hana fita tun safe. Maigadi na zaune a kan buhu, dogon mutum, ido ɗaya ya rufe da kumburi, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji. Ko ruwa ba a ba shi ba.

Mai Sawu ya ƙarasa ciki. Ya juya ya dubi waɗanda suka leƙo ta ƙofa, suka janye kawunansu ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu, ɗan'uwa. Mabuɗinka fa?"

"Yana wuyana, Baba. Ban taɓa cire shi ba."

"Wa ya san inda kake ajiye takalma?"

"Kowa."

"Shekararka nawa a nan?"

"Bakwai. Ni nake ba shuke-shuken ruwan yamma. Tun suna tsiro kamar gashin jariri na san su."

"To me ya sa da ake dukanka kake ta cewa a kira Uwar Lambu? Matarka ta gaya min."

Maigadi ya gyara riƙon hannunsa. Idonsa mai kyau ya koma ƙasa.

"Akwai abin da ka sani."

"Na yi rantsuwa, Baba. Ita ce za ta faɗa, ba ni ba."

"Ta zo?"

"Ta zo. Ta tsaya a can." Ya nuna bakin ƙofa da hannun hagu. "Wataƙila ba ta ji ni ba, hayaniya ta yi yawa."

Mai Sawu ya juya. Ya fita ya ce wa matar maigadi ta kai wa mijinta ruwa, duk wanda ya tare ta kuma ta kira shi.

*

Mai silifa shi ne maƙwabcin da ake ce wa Mai Tumatir, ko da yake ya fi shekara biyar da komawa noman sitiroberi. Kowa ya san ba sa ga maciji da Dakta, har sun taɓa kai ruwa rana a kan iyaka. Mai Sawu ya same shi a rumfarsa yana jera 'ya'yan sitiroberi a kwali.

"Me ya kai ka bakin wayarsu da safe?"

"Ni? Wa ya ce..."

"Silifanka na dama ya tsinke, ka ɗaure shi da waya. Ga shi a ƙafarka."

Mai Tumatir ya zauna daɓas a kan kwali.

"Baba, wallahi ƙarar mota na ji wajen shida da rabi, na ce bari in leƙa. Kafin in isa ta tafi, ko launinta ban gani ba."

Gaskiya ya faɗa, don sawun silifan a kan na takalmin roba ya hau, ba a ƙarƙashinsa ba. Mai Sawu ya riga ya ga haka.

"Maigadi yana da mota?"

"Ina fa! Ko keke ba shi da shi."

"Kana nan ake dukansa?"

"Ina nan."

"Ka ce musu ka ji mota?"

"Haba Baba, in buɗe baki su ce ni ne? Da yanzu mu biyu ne a siton."

Mai Sawu ya kawar da kai, ya tofar da yawu. Ya sa hannu a aljihu don ya ɗauko hankici, sai ganyen ya biyo. Mai Tumatir ya dube shi.

"Wannan kuma daga ina?"

"Daga kayan da aka sace. A waya ya maƙale."

"A'a, Baba. Wannan ai gama-gari ce, irin ta kowa da kowa. Ga ta nan cike da gonata."

"Ba Goma Sha Bakwai ba ce?"

Mutumin ya yi dariya, tsoronsa ya tafi, hassadarsa ta dawo.

"Shekara uku ina leƙen Goma Sha Bakwai ta waya kamar maye, ko a mafarki na gan ta zan gane ta. Duba tsinken nan, kore ne, gashinsa a tsaye. Ita nata ja ne daga gindi, gashin a kwance yake, sumul. Ganyenta yana lanƙwasowa sama kamar cokali, bakinsa ba kaifi irin wannan. In kuma ta yi 'ya'ya, ka yanka, ja ce har tsakiya, babu wannan farin ramin. Kwana uku a kwali ba ta laushi. Matar nan ta yi aiki, ko ba na son gidansu sai in faɗa."

"Matar? Ba Dakta ba?"

"Dakta!" Ya yi tsaki. "Dakta ya iya riƙe makirufo."

*

Matar nan mai furfura tana nan inda ya bar ta, tana cire ciyawar da babu ita. Ita ce Uwar Lambu, yayar Dakta, ta girme shi da shekara goma sha biyu. Hannayenta sun yi kanta, ƙarƙashin faratanta baƙi ƙirin.

Mai Sawu ya ajiye ganyen a kan gwiwarta. Ta dube shi sau ɗaya, kafaɗunta suka sauka.

"Ina suke?" ya tambaya.

Ta nuna can baya da haɓa.

"Bayan tarin taki, cikin waɗanda aka ware za a zubar. Sati uku ke nan. Ni da maigadi muka mayar da su can, muka jera gama-gari a kan bencin, muka bar allon. Uwaye ai ba a barinsu su yi fure, tsinke shi ake yi don su yi yaɗo, saboda haka babu 'ya'yan da za su tona. Sai wanda ya san ganye."

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Malam, ka san yadda aka same ta? Wata 'yar ƙaramar iri ce mai ƙamshi, ba ta jin rana, amma 'ya'yanta kamar ƙwayar wake. Na ɗebi garin furenta da ɗan buroshi na shafa wa babbar iri. Fure ɗaya-ɗaya, kowanne in ɗaure shi da 'yar jaka kada ƙudan zuma su ɓata min. Tsiro dubu huɗu na shuka a shekarar farko, na zubar da duka sai sittin. Na sake haɗawa, na sake zubarwa. Shekara tara. Idona ya lalace a kan wannan aikin. Ita ce ta goma sha bakwai a layi, ita kaɗai ta tsaya a shekarar da zafi ya ƙone komai." Ta share hanci da bayan hannu. "Ya je rediyo, ban ce komai ba. Ya rataya hoto, ban ce komai ba. Sai ya kawo min takardar rajista, sunansa kaɗai a wajen wanda ya samar da iri, wai in sa hannu a matsayin shaida. Na ƙi. Na cike tawa na aika. Ya ce min, 'Yaya, mai uwa a hannu shi ne mai iri.' A daren ban yi barci ba."

"Ke nan tun da kika ga bencin nan da safe kin san ba maigadi ba ne."

Ta mayar da hannu kan ciyawa.

"Shi da ya ɗauke su da hannunsa ya kai bayan taki, ba zai dawo ya saci gama-gari ba. Kin sani. Kina tsaye ana karya masa yatsu, yana kiran sunanki."

"In na yi magana, kowa zai san inda suke, saura kwana biyu jami'ai su zo. Kuma ni na goye shi, Malam. Uwarmu ta rasu yana shekara uku. In ce wa mutane ƙanena ɓarawo ne?"

"Sai kika bar su suka ce wa mijin wata."

Ya zo yana jin tausayinta. Yanzu ko kallonta ba ya son yi.

"Tashi ki ɗauko min guda ɗaya daga cikin na gaskiyar. In ba ki ɗauko ba, ni zan je, kuma da jama'a zan je."

*

Ƙarfe uku ya tara su a gaban ofis. Ya sa aka fito da tebur, ya jera ledojin shuka guda biyar a kai, ya soke ɗan allon nan mai lamba 17 a cikin ta biyu. Aka fito da maigadi, matarsa na riƙe da shi. Mai Tumatir ya raɓe a gefe. Uwar Lambu ta tsaya a bayan kowa.

"Ɓarawo bai kwashe duka ba," in ji Mai Sawu. "Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan Goma Sha Bakwai ce. Dakta, kai ka ƙirƙiro ta, nuna mana."

Dakta ya yi murmushi, ya nuna mai allon da baki.

"Ga ta nan, ai ba sai an tambaya ba."

"Duba da kyau."

"Dattijo, shekara tara ina tare da ita."

"To. Maigadi, zo."

Maigadi ya matso yana ɗingishi. Da ido ɗaya, da hannun hagu, ya shafa tsinken ta farko, ya wuce mai allon ko tsayawa bai yi ba, ya dafa ta huɗu.

"Wannan ce."

"Mai Tumatir?"

"Ta huɗu. Daga nan ma ina ganin jan gindinta."

Wasu tsofaffin manoma suka matso suka leƙa, suka gyaɗa kai. Surutu ya fara mutuwa.

Mai Sawu ya ɗaga ganyen da ya ciro a waya.

"Wannan daga jikin abin da aka sace ya fito. Gama-gari ce. Duk ashirin da huɗun gama-gari ne, irin wadda kowannenku ke zubarwa in ta yi masa yawa. Sati uku ke nan da aka canja su. Na gaskiyar suna nan lafiya, babu wadda ta yi ko ƙwarzane. Wanda ya yi satar nan yana da mabuɗi, ya san allo, amma bai san shukar ba. Maigadi ya san ta. Uwar Lambu ta san ta. Saura mabuɗi ɗaya."

"Wannan rainin hankali ne!" in ji Dakta. Muryarsa ta yi sama.

"Ban gama ba. Ya sa takalmin da ya fi ƙafarsa, yana jan dunduniya. Bai saba ɗaukar kaya ba, duk taku goma sha biyar sai ya huta. Kuma yana ƙyamar taɓo, har ya manta takalmin roba ne a ƙafarsa, yana kewaye ruwan da kaza ma za ta ratsa. Motarka ce kaɗai aka wanke yau a duk layin nan, har tayoyi. Buɗe hannunka, Dakta. Tun safe kake dunƙule da hankicin nan."

Bai buɗe ba. Wani ƙaton manomi, wanda ɗazu yake wanke hannu a famfo, ya kama wuyan hannun ya banƙare yatsun. Jajayen layuka biyu ne kwance a tafin, fata ta tashi ta fashe, daidai inda hannun kiret ke ci.

Amma Dakta ba hannunsa yake kallo ba. Yayarsa yake kallo.

"Gama-gari? Yaya, gama-gari kika bar ni na... Na riga na aika su! Mutanen kamfanin iri suna can suna jira, na ce musu aikina ne, za su duba su gobe! Kin san irin kunyar da kika ja min?"

Kunyar da ta dame shi ke nan. Maigadi na tsaye taku uku daga gare shi, ko sau ɗaya bai dube shi ba.

Sai ƙaton manomin ya ɗaga hannu, wasu suka fara matsowa, fuskokinsu na ɗaukar sheƙin nan na safe. Mai Sawu ya buga sandarsa a kan teburin har ledojin suka yi tsalle.

"Wanda ya taɓa shi, ni zan ba da shaida a kansa! Ba ku ƙoshi ba? Na ga sawun kowannenku a ƙofar siton nan, na san wanda ya yi shuri, na san wanda ya taka hannu. Ku ja baya!"

Suka ja. Wasu na baya suka fara sulalewa ta ƙofa, kamar an kira su a gida.

*

Motar 'yan sanda ta iso huɗu da 'yan mintuna. Sajan ya sauko yana gyara hula.

"Ina wanda aka kama?"

Uwar Lambu ce ta riga kowa. Ta taho da sauri, tana murza hannu.

"Ranka ya daɗe, an samu kayan, ba a sace komai ba. Magana ce ta cikin gida, ni da ƙanena, za mu sasanta. Ba na ƙarar kowa."

"Ke ba ki ƙara," in ji matar maigadi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun mijinta a hankali ta ɗaga shi sama, yatsun biyu sun kumbura sun karkace. "Ni ina yi. Wancan mai farin takalmin shi ya ce a je a kamo shi, ya san kuma shi ya ɗauka. Waɗanda suka doke shi, Baba ya san su. Ita kuma tana tsaye."

Sajan ya dubi Mai Sawu. Dattijon ya gyaɗa kai, ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, ya nuna mutum shida da sanda, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba. Aka sa Dakta a gaba, aka sa su a baya.

Uwar Lambu ta biyo su har bakin titi, inda Mai Sawu ke tsayar da mota don kai maigadi asibiti. Tana kuka, tana cewa ita za ta ɗauki nauyin magani, aikinsa na nan yana jiransa, ya yafe mata. Maigadi ya buɗe baki zai amsa, matarsa ta tura shi cikin motar ta rufe ƙofa.

Bayan kwana biyu jami'ai suka zo, suka auna ganye, suka shafa tsinke, suka rubuta sunan Uwar Lambu a wajen wanda ya samar da iri. Mai Sawu ya ji labari a bakin mutane, bai je ba.

Amma a ranar da aka kai shi, a kan bencin asibiti, suna jiran a kira su ɗakin ɗorin karaya, maigadi ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Biyar ta wuce. Ya yi ta mutsu-mutsu, can ya kasa haƙuri.

"Baba, yau an yi rana sosai, kuma bayan takin nan ba inuwa. Wa zai ba su ruwan yamma?"

Mai Sawu ya juyo ya dube shi.

"Mai su ta ba su," in ji matarsa. "Yatsunta goma lafiya lau suke."